Yadda Za Ka Koyi Fitar da Rahoto da Rubuta Umarni a Manhajar Kasuwanci, da Inda Kayan Karatun Suke

A yawancin ofisoshi da manyan shagunan da suka sa manhajar lissafi, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, ana shigar da ciniki kullum babu fashi. Amma ranar da maigida ya ce a fito masa da sunayen waɗanda bashinsu ya haura wata uku, ko kayan da suka kwanta a sito tun bara, sai a yi cirko-cirko. Rahotannin da suka zo da manhajar ba su amsa tambayar yadda ya yi ta, wanda ya girka manhajar kuma ba ya zuwa sai an biya shi. Ma'aikacin da ya iya zaƙulo amsar da hannunsa shi ake ji da shi, ko da kuwa jiya ya fara aiki.

Kayan koyon wannan aiki ba su yi ƙaranci ba, yawa ma suka yi. Mutum zai cika waya da bidiyo, ya yi rajistar kwas uku, bayan wata shida kuma bai fitar da rahoto ko ɗaya ba. Dalili shi ne ya fara da neman kwas, alhali kamata ya yi ya fara da manhajar da ke gabansa da tambaya ɗaya da ake son amsarta. Su ne za su nuna masa abin da zai karanta da abin da zai tsallake.

Mataki na farko: san manhajarka, ka san sigarta

Kowace manhaja da yaren da take ji. Tally, wadda kamfanin Tally Solutions na Bangalo a Indiya ke yi, ana yi mata ƙari ne da yarenta na TDL, wanda ba ya aiki a ko'ina sai cikinta. Odoo ta ƙasar Beljiyam an gina ta da Python, tana ajiye bayananta a rumbun PostgreSQL, takardun da take bugawa kuma ana tsara su da QWeb. ERPNext ma Python ce, a kan ginshiƙin Frappe. SAP Business One, wadda matsakaitan kamfanoni ke amfani da ita, tana zaune a kan rumbun SQL Server ko na HANA, kuma rahotanninta da yawa da Crystal Reports ake zana su. Babbar SAP ta manyan masana'antu yarenta ABAP. Business Central ta Microsoft kuma yarenta AL. Sage 50, wadda tsofaffin akantoci har gobe suke kira Peachtree, da QuickBooks, yawanci aikin rahotonsu yana ƙarewa ne a Excel. A Nijar an fi cin karo da manhajojin Sage na Faransanci, kuma tsarin asusun SYSCOHADA ake bi, don haka wanda ke can ya nemi darussan da aka yi da Faransanci a kan wannan tsarin, kada lambobin asusun su rikita shi.

Bayan suna sai siga, kuma nan mutane da yawa ke ɓata makonni. Daga siga ta 13, Odoo ta daina ajiye takardun ciniki a teburinsu na daban, ta haɗe su cikin teburin account_move (tebur shi ne jerin layuka da ginshiƙai da rumbu ke ajiye bayanai a ciki). Duk darasin da aka yi kafin nan zai aika ka neman teburin da babu shi. Haka Business Central: asalinta Navision ce ta ƙasar Denmak, wadda Microsoft ya saya a 2002, kuma tsohon yarenta C/AL ne. Intanet cike take da darussan C/AL masu kyau waɗanda ba za su yi maka aiki yadda suke a sabuwar ba. Saboda haka ka buɗe manhajar, ka nemo inda aka rubuta lambar sigarta, ka rubuta a takarda. Duk binciken da za ka yi daga yau, ka riƙa haɗawa da wannan lamba.

Ka kuma tambaya: bayanan suna kan kwamfutar da ke ofis ne, ko suna can wurin kamfanin manhajar ana shiga ta intanet? Idan a ofis suke, ana iya ba ka izinin leƙa rumbun kai tsaye. Idan na intanet ne, kamar Odoo Online ko Business Central ta yanar gizo, ba za ka taɓa rumbun da hannunka ba, sai ta ƙofofin da suka tanada, ko ka fitar da bayanan zuwa Excel. Odoo Online ma ba ta karɓar ƙarin da ka rubuta da Python, sai an koma Odoo.sh ko kwamfutar kamfani.

Mataki na biyu: rahoto ɗaya tak

Je wurin akanta ko manajan sito ka ce, "Yallaɓai, wane lissafi ne yake cinye muku lokaci duk ƙarshen wata?" Abin da ya faɗa shi ne darasin da za ka sa a gaba. Zana rahoton a takarda da biro: me zai zo a kowane ginshiƙi, daga wace rana zuwa wace rana, da harajin kaya ko babu. Sannan ka haɗa shi da hannu a Excel sau ɗaya. Abubuwa huɗu sun ishe ka a nan: SUMIFS, da XLOOKUP ko tsohuwar VLOOKUP idan Excel ɗinka ya girmi 2021, da PivotTable, da Power Query wanda yake cikin Excel tun sigar 2016. Shafin taimako na Microsoft yana da bayanin kowannensu da misali, kyauta. Kada ka daɗe a nan. Amfanin matakin shi ne ka samu adadi na gaskiya a hannu wanda za ka riƙa auna duk abin da za ka rubuta nan gaba da shi.

Mataki na uku: SQL

Idan abu ɗaya kawai za ka iya koya a bana, to ya zama SQL. Manhajoji suna zuwa suna wucewa, shi kuwa tun shekarun 1970 aka ƙirƙiro shi a kamfanin IBM, aka daidaita ƙa'idarsa a 1986, kuma har yau shi ne hanyar yi wa rumbun bayanai tambaya. Wanda ya iya shi a PostgreSQL, kwana kaɗan zai yi ya saba da SQL Server.

Ga yadda nake ba da shawarar a jera kayan karatun. Fara da SQLBolt: darussa ne gajeru, kana karantawa kana rubutawa a shafin, ba sai ka girka komai ba, kuma ba ya cin data domin rubutu ne zalla. Ka ajiye W3Schools a gefe don tuna yadda ake rubuta umarnin da ya shige maka. Idan ka gama, SQLZoo zai ba ka tambayoyin gwaji masu ɗan tauri. Mai son karatu mai zurfi irin na jami'a ya nemi kwas ɗin CS50 na SQL da Jami'ar Harvard ta saka kyauta, sai dai bidiyoyinsa dogaye ne, gara a sauke su da datar dare. Ba sai ka bi duka ba. Abin da ake bukata a aikin rahoto bai wuce SELECT, WHERE, JOIN, GROUP BY, HAVING, CASE da lissafin kwanan wata ba. Wanda ya riƙe waɗannan da kyau ya fi wanda ya leƙa babi talatin.

Bari mu ga abin a aikace. A ce akwai tebur biyu, na kwastomomi da na rasit, kuma ana son sanin wa ake bi bashi zuwa ƙarshen 2025:

SELECT k.lamba, k.suna, SUM(r.jimla - r.an_biya) AS saura
FROM rasit r
JOIN kwastoma k ON k.lamba = r.lambar_kwastoma
WHERE r.rana <= '2025-12-31'
GROUP BY k.lamba, k.suna
HAVING SUM(r.jimla - r.an_biya) > 0
ORDER BY saura DESC;

Ma'anarsa: haɗa kowane rasit da mai shi, ɗebe abin da ya biya daga jimla, tara ragowar kowane mutum wuri ɗaya, jefar da waɗanda ba a bin su komai, sannan ka jero su daga mai babban bashi zuwa ƙarami. Lura da cewa an tara ne da lamba da suna, ba da suna kaɗai ba. A kasuwar da Alhaji Sani ya kai biyar a littafi ɗaya, tarawa da suna zai ɗora wa mutum ɗaya bashin mutum biyar, kuma kwamfuta ba za ta ce maka uffan ba.

Akwai tarkon da ya fi wannan kama sababbi. Kusan kowace manhajar kasuwanci tana raba rasit gida biyu: tebur ɗaya na kan rasit, mai ɗauke da suna da rana da jimla, wani kuma na jerin kayan da ke ciki. A ce rasit ɗaya na naira 500,000 yana da kaya iri huɗu: shinkafa, mai, sukari, taliya. Da zarar ka haɗa teburan biyu, rasit ɗin zai fito sau huɗu, kowane layi ɗauke da 500,000 ɗinsa. Ka tara jimla, ka ga 2,000,000. Umarnin bai yi kuskure ba, ya yi abin da ka ce ne. Maganinsa shi ne idan ka sauka zuwa jerin kaya, to ka tara kuɗin layi-layi, ka bar jimlar kan rasit. Darussan intanet ba kasafai suke tsayawa a kan wannan ba domin teburansu na wasa ne, amma a ofis shi ne abin da ke sa maigida ya daina yarda da rahotonka.

Mataki na huɗu: samu wurin gwaji

Tela ba ya koyon yanka a shaddar ango. Kada ka kuskura ka yi gwaji a rumbun da ake aiki da shi. Umarnin UPDATE ko DELETE guda ɗaya da aka manta ba a sa masa WHERE ba yana iya shafe cinikin shekara. Ko umarnin karantawa ma, idan ya yi nauyi, zai iya tsayar da masu karɓar kuɗi a kanta suna jiran allo ya motsa.

Wuraren gwaji na kyauta suna nan. Ga mai ƙaramar kwamfuta, DB Browser for SQLite da rumbun gwaji na Chinook sun wadatar, domin a cikinsa akwai kwastomomi da rasit da jerin kaya, daidai irin tsarin da aka bayyana a sama. Ga mai nufin SQL Server, akwai sigar Express ta kyauta, wadda a fitowar 2022 take ɗaukar rumbu har gigabait 10, sai ka loda mata Northwind ko AdventureWorks, rumbunan kamfanonin ƙarya da Microsoft ya tanada don koyo. Odoo Community da ERPNext kyauta ne gaba ɗaya, kuma wajen girka Odoo kana iya cewa a zuba maka bayanan gwaji. Business Central tana zuwa da kamfanin gwaji mai suna Cronus. TallyPrime tana da yanayin ɗalibai, wanda komai yake aiki sai dai ba ta karɓar shigarwa sai a ranakun 1 da 2 da 31 ga wata, kuma hakan bai hana koyo ba.

Manhajar sata da ake zuba wa mutane a kasuwar waya kuwa, ka nisance ta, musamman a kwamfutar da ke shiga asusun banki. Tunda ga na halal kyauta, babu dalilin jawo wa kai ƙwayar cuta.

Idan lokacin taɓa bayanan ofis ya yi, ka roƙi abu biyu: kwafin rumbun, da sunan shiga mai izinin karantawa kawai.

Mataki na biyar: gano inda manhajarka ke ɓoye kowane adadi

A nan ne ilimin SQL na gama-gari yake zama sana'a. Rumbun manhajar kasuwanci yana da ɗaruruwan tebura, wani ma dubbai, da sunaye marasa daɗin karantawa. Ba haddace su ake yi ba. Kowace manhaja tana da hanyar da za ta faɗa maka sunan teburin da ke bayan abin da kake gani a allo, kuma wannan dabara ta fi kwas guda amfani.

A SAP Business One, kunna System Information daga jerin View, sannan ka ɗora kibiyar linzami a kan kowane gurbi. Sunan tebur da na gurbin za su fito a ƙasan allo. Nan za ka gane OINV shi ne kan takardar ciniki, INV1 jerin kayanta, OCRD abokan hulɗa, OITM kaya, ORIN kuma takardun rage wa kwastoma kuɗi, kamar idan ya dawo da kaya. A babbar SAP, danna F1 a kan gurbi ka shiga bayanan fasaha, sannan ka leƙa teburin ta allon SE16 ko SE11. A Business Central, Ctrl da Alt da F1 tare suna buɗe allon da ke nuna tebur da gurabensa. A Odoo, kunna yanayin masu gini daga saituna, ko ka ƙara ?debug=1 a adireshin shafin, sai sunayen gurabe su riƙa bayyana. A ERPNext abin ya fi sauƙi: sunan takardar ne ake sa wa tab a gaba, kamar tabSales Invoice.

Buɗe littafi na musamman ka riƙa rubuta duk teburin da ka gano, da abin da ke cikinsa, da gurbin da ke haɗa shi da wani. Ka fi mai da hankali ga guraben da ke nuna matsayin takarda. A ERPNext, docstatus 0 daftari ne, 1 an tabbatar, 2 an soke. A Odoo akwai draft da posted da cancel, sannan move_type yana bambanta ciniki da mayar da kaya. A OINV akwai gurbin CANCELED. Rahoton da bai tace waɗannan ba zai ƙirga rasit ɗin da aka soke a matsayin ciniki.

Mataki na shida: takardun masu manhajar, sannan yaren cikinta

Sai yanzu ne ya dace ka shiga rubuta umarni a cikin manhajar kanta, kuma a nan takardun kamfanin da ya yi ta sun fi duk wani bidiyo, domin su ake sabuntawa da kowace siga. Shafin takardun Odoo yana da sashen masu gini, da darasi mai bi daki-daki inda za ka gina ƙaramar manhajar dillancin gidaje tun daga tushe. Ka tabbata ka zaɓi sigarka a saman shafin. Kafin ka shiga, ka yi makonni kaɗan a kan Python, ko a freeCodeCamp ko darussan Kaggle gajeru. Frappe School tana koyar da ERPNext, kuma a can rahoto hawa uku ne: Report Builder da ba ya son umarni ko kaɗan, Query Report da SQL, sai Script Report da Python. Bi su a jere. Microsoft Learn yana da darussan AL da na Power BI, manhajar mayar da adadi zuwa zane, kyauta. SAP tana da shafinta na koyo mai darussan ABAP. Tally kuma tana da TallyHelp, da bayanin TDL a ciki.

Hanya mafi sauri ta koyon kowannensu ita ce ka ɗauki rahoton da ya zo da manhajar, wanda ya yi kusa da abin da kake so, ka kwafe shi, ka ƙara masa ginshiƙi ɗaya. Ya yi aiki, ka ƙara wani. Ga masu Odoo, ƙungiyar OCA ta masu gina wa Odoo ƙari ta zuba ɗimbin ƙari a GitHub, shafin ajiye umarnin manhajoji, waɗanda kowa zai iya karantawa, kuma karanta aikin gwanaye karatu ne mai zaman kansa.

Power BI Desktop kyauta ne amma a Windows kaɗai yake aiki, kuma a kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ba ta kai gigabait 8 ba zai gwada haƙurinka. Yana da kyau, masu gida suna son zanensa, sai dai ni a ganina a bar shi sai adadi ya tsaya daidai. Zane mai kyau a kan lissafin banza ya fi rashin rahoton haɗari, domin an fi saurin yarda da shi.

Kwas na kuɗi, tambaya, da mutum-mutumin hira

Kafin ka biya kowace cibiyar horo, yi musu tambaya uku: wace siga za a koyar, za a ba ni manhajar in taɓa da hannuna kuma har tsawon wane lokaci, sannan malamin ya taɓa girka ta a wani kamfani? Idan amsar ta koma kan kyawun satifiket, riƙe kuɗinka. Takardar shaidar da masu ɗaukar aiki suka sani ita ce ta mai manhajar, kamar jarrabawar PL-300 ta Power BI. A Najeriya akwai shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023, kuma nazarin bayanai yana cikin fannoninsa. Yana da kyau ka riƙa bibiyar lokacin buɗe rajista, amma kada jiran sa ya hana ka farawa.

Idan ka maƙale, kwafi saƙon kuskuren yadda yake, harafi da harafi, ka haɗa da sunan manhaja da siga ka bincika. Sau da yawa wani ya riga ka faɗawa ramin, an kuma ba shi amsa a Stack Overflow ko dandalin masu amfani da manhajar. Idan tambaya za ka yi da kanka, faɗi abin da kake so, da abin da ka rubuta, da abin da ya fito. Ka goge sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu da adadin bashinsu kafin ka saka komai a waje. Amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana aiki a kan kamfaninku. Wannan ya haɗa da manhajojin hira irin su ChatGPT. Suna da amfani wajen fassara maka umarnin da ba ka gane ba, layi bayan layi, har da Hausa wani lokaci. Amma suna iya ƙaga sunan tebur ko gurbin da babu shi, su kuma faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Duk sunan da suka ba ka, duba shi a littafinka na mataki na biyar.

Kafin ka miƙa rahoton

Ɗauki jimlar rahotonka ka kwatanta da wadda manhajar ke bayarwa da kanta, da kuma wadda ka haɗa a Excel tun farko. Jimlar bashin kwastomomi dole ta yi daidai da asusun masu bashi a babban littafin lissafi na wannan ranar. Idan an samu bambanci, ko na naira 50 ne, bi sawunsa. Wuraren da ya saba ɓuya sanannu ne: kayan da aka dawo da su, kuɗin da aka biya ba a jingina shi da wani rasit ba, takardun da aka soke, cinikin dala da ba a juya shi zuwa naira ba, ko harajin kaya, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya tun 2020, ya shiga wani adadi bai shiga wani ba. Akwai kuma rikicin rana: idan gurbin yana ɗauke da lokaci, sharaɗin "zuwa 31 ga Disamba" yana iya tsayawa da sha biyun daren da ranar ta fara, ya zubar da cinikin ranar gaba ɗaya. Gara ka ce ƙasa da 1 ga Janairu.

Daga nan zaɓi kwastoma uku, babba da matsakaici da wanda ya taɓa dawo da kaya, ka zauna da akanta ku bi takardunsu ɗaya bayan ɗaya. Idan ukun sun fito daidai, rubuta a saman umarnin wanda ya nemi rahoton, da ranar da aka yi shi, da sigar manhajar, da abin da aka cire da gangan. Ajiye kwafi a wani wuri daban da kwamfutar ofis, kuma duk ranar da aka sabunta manhajar, sake gudanar da shi ka kwatanta da adadin watan da ya gabata kafin kowa ya yi aiki da shi.